Sai Talatu Ta Taka Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Jibo a Tottenham cikin hunturu ya san bargon bakin ƙofa. Kana yin sallama zai buɗe, kafin ka gama cire takalmi ya zaro bargo daga tulin da ke kan wata kujera ya miƙo maka.

"Yafa, yafa tukuna, sannan mu gaisa."

Ka yafa, ka shiga falo ka zauna kana kallon hucin bakinka yana tashi sama. Ga hita, abin ɗumama ɗaki, nan jikin bango, fara tas, an shimfiɗa mata ɗan mayafi an ɗora tukunyar fulawa ta ado a kai. Shi kuwa gogan yana zaune cikin 'yar shara da hula, ƙafa babu safa, yana tambayarka iyali ɗaya bayan ɗaya, kai kuma haƙoranka na haɗuwa kana amsawa.

Da yawanku kun ɗauka rowa ce, na sani, don na sha jin ana faɗa a bayan idonsa. Ni ma da nake 'yar ƙanwarsa haka na ɗauka a shekarar da na zauna a gidan, lokacin da na zo karatun aikin jinya. Amma wane mai rowa ne ke sa a tuƙa tuwo duk Lahadi ya kira rabin unguwa? Ba rowa ba ce. Talatu ce.

Ga wanda bai taɓa binsa wurin aiki ba, bari in yi bayani. Tun a gida Kawu ma'aikacin gandun daji ne, da ya zo London kuma ya samu aiki a wani ƙaramin gidan namun daji a bakin gari. Ana nan sai aka kawo musu wata dabba da Turawa ke ce wa wolverine, aka damƙa masa ita. Masu gidan sun raɗa mata wani suna sun rubuta a allo, amma har Kawu ya bar duniya bai taɓa furta shi ba. Ranar Talata aka kawo ta, to Talatu ce, magana ta ƙare.

"Kin san dage?" ya tambaye ni ranar da ya fara kai ni. "Ɗan gajeren nan mai fasa amyar zuma, wanda ko zaki ke kauce masa? To wannan 'yar uwarsa ce. Dagen ƙanƙara."

Na leƙa na ga wata aba kamar ƙaramin kare mai ƙiba, gashi baƙi-baƙi mai kauri, da ratsi mai haske a kowane gefe, tana tafiya tana tsalle-tsalle kamar mai jin haushin ƙasa. Na ce, "Kawu, wannan ce duk ake wa wannan zuzutawa?"

Wallahi kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya tsayar da ni a wurin kusan awa guda. In dubi tafin ƙafarta, faffaɗa ne don kada ta nutse a dusar ƙanƙara. In dubi muƙamuƙinta, ƙashin da ya daskare kamar dutse take murƙushewa ta sha ɓargo. Gashinta ƙanƙara ba ta kama shi. A ƙasarsu, can ƙurewar arewa, ita kaɗai take yawo, ta wuni tana tafiya ba ta gaji ba, in ta samu mushe ta ci, ta binne saura a ƙanƙara ta dawo masa bayan watanni. Ko haihuwa sai ta haƙa rami cikin dusar ƙanƙara mai zurfi, 'ya'yan su fito farare.

"Wannan baiwar Allah," ya ce, "aka ɗauko aka ajiye a garin da ake yin gumi a watan Yuli."

A nan maganar hita ta samo asali. Bazararta ta farko a hannunsa, Kawu ya yi wata uku yana kallonta kwance ƙarƙashin gungume, harshe waje, tana haki. Da sanyi ya shigo, matarsa Anti Rabi ta kai hannu za ta kunna hita, sai ya ce ta dakata.

"Wata uku tana shan zafi a hannuna ina kallo. To ni ma zan sha sanyi in ji yadda baƙunta take. Ba zan kunna abin nan ba sai ranar da na ga Talatu tana taka ƙanƙarar ƙasarsu."

Anti Rabi ta dube shi sama da ƙasa. "Ni dai ban yi wa kowa alkawari ba," ta ce. Washegari ta sayo 'yar hitar lantarki ta kai kicin, can ta kafa mulkinta. Shi kuma in zai shiga ɗaukar shayi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa hannu, wai kada ɗumi ya taɓa shi.

Kuma ba hita kaɗai alkawarin ya ci ba. Kawu ya gama gininsa a Azare tun da daɗewa, har darbejiyar da ya sa aka shuka a tsakar gida ta yi inuwa. Duk shekara 'yan uwa na tambaya yaushe zai dawo. Amsa ɗaya ce: "Ta yaya zan tafi gida in bar baƙuwata a nan? Ita za ta fara tafiya, sannan ni."

Na taɓa ce masa, "Kawu, Talatun nan fa a keji aka haife ta. Ba ta taɓa ganin ƙasar da kake faɗa ba."

Ya ce, "Bilki, 'ya'yanki da kika haifa a Dagenham, a yi musu Hausa su amsa da Turanci, in aka dama fura ba sa sha?"

Gaskiyarsa ce, don har lashe kofi suke yi.

Maganar 'ya'yana ta tuna mini da neman aurena. Kawu ne waliyyina a nan, kuma cikin Janairu dangin Auwal, mijina na yanzu, suka zo, dattawa huɗu cikin manyan riguna masu aiki, sun sha guga. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lulluɓe musu ado da bargo. Ni da Anti Rabi muna kicin mun kasa kunne. Baffan Auwal, babban likita ne mai natsuwa, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, hitar ta lalace ne? Akwai wanda na sani, sai in kira shi ya duba."

"Lafiyarta ƙalau," in ji Kawu. "Hutu take."

Daga nan ya ɗauko musu tarihin tafin ƙafar Talatu. Anti Rabi ta dafe kai ta ce, "Shi ke nan, Bilki, ya kashe miki aure." Ashe gyarawa ya yi. Maganar da a wasu gidaje ake wuni ana ja, cikin minti goma sha biyar aka gama ta. Duk abin da Kawu ya faɗa sai ka ji murya huɗu na karkarwa: "Mun amince, mun amince." Fatiha ma a tsaye suka shafa. Har yau Auwal na cewa Baffansa bai san abin da ya amince da shi ba a ranar.

Sai kuma labarin hula, wanda na san mutanen masallacinmu ba za su manta ba ko sun so. Aikin Kawu kullum da safe shi ne ya shiga wurin Talatu, bayan an rufe ta a ɗakin baya, ya ɓoye mata nama. Ba ya zuba mata a kwano. Wani ya cusa a kogon gungume, wani ya rataya a reshe, wani ya binne, don a cewarsa dabbar da aka halitta don nema in ka miƙa mata a baki haukacewa za ta yi. Wata rana yana sunkuye hularsa ta faɗi bai lura ba, hular da mahaifiyata ta ɗinka masa da hannunta. Talatu ta fito ta samu, ta binne ta tare da ƙafar zomo. Kuma irinsu in sun binne abu sai sun shafa masa warinsu, don kowa ya san da mai shi.

Sai bayan wata biyu ya tono ta. Anti Rabi ta wanke sau uku, ta jiƙa a ruwan zafi, ta turara, ta ce a jefar. Kawu ya ce ɗinkin ƙanwarsa ne, ya kafa ta a ka ya tafi Juma'a.

Tabɗijam! Waɗanda suka halarta sun ce ba a taɓa ganin sahun gaba da fili haka ba. Ta dama mutum biyu suka matsa, ta hagu uku. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu a cike gurbi, babu wanda ya motsa. Bayan sallama Liman ya ja shi gefe, yana magana yana kau da fuska.

"Malam Jibrin, hular nan..."

"An wanke ta, Allah gafarta Malam. Tana da tsarki."

"Ban ce ba ta da tsarki ba. Cewa zan yi ka tausaya wa jama'a."

"To," in ji Kawu. "Amma ba laifinta ba ne. Ba ƙasarta ba ce."

Wannan ce kalmarsa. Ta cije tiyo ta raba biyu, ba ƙasarta ba ce. Ta koyi zare sakatar ɗakin baya har sai da aka sa kwaɗo biyu, ba ƙasarta ba ce. Mu ma muka ɗauka, in wani yaro ya yi ɓarna a gidan biki sai ka ji an ce, "A yi haƙuri, ba ƙasarsa ba ce."

Duk shekarun nan yana roƙon manajan gidan ya yarda a mayar da ita wani wuri mai sanyi, manaja na cewa ai ita ce mutane ke zuwa kallo. Sai shekarar da aka yi zafin nan da har titi ke laushi, kun tuna, kusa da Babbar Sallah. Firizar wurin aikin ta kasa. Kawu ya dami likitan dabbobi har ya ba shi izinin kawo ƙanƙara daga waje. Ya bi gida gida yana karɓar ƙasusuwan layya, ya zuba a bokitai, ya cika da ruwa, ya nemi inda zai daskarar. Babbar firiza a duk cikinmu tana gidan tsohon amininsa Mista Yohanna, direban bas a Dagenham. Yohanna ya ce ya kawo. Abin da bai yi ba shi ne gaya wa matarsa.

Da safiyar Lahadi Mama Rifkatu ta buɗe firiza za ta ɗebi zoɓon da ta haɗa wa matan coci, sai ta yi ido huɗu da kan rago cikin ƙanƙara, ido buɗe, haƙora waje. An ce ihunta har maƙwabta suka fito. Ta kira Kawu a waya ba ko gaisuwa.

"Jibo! Wane ne wannan a firizata?"

"Ayya, Maman yara, ina kwana? Karin kumallon Talatu ne."

"Yana kallona!"

"To juya bokitin."

Ta yi faɗa har ta gaji, amma fa da ta ji dalili ita da kanta ta kwashe zoɓonta ta ba shi wuri. Haka Kawu ya riƙa shiga bas da bokiti biyu lulluɓe da bargunan baƙi, ruwa na ɗiga, fasinjoji na ɗage ƙafa.

A ranar da zafin ya fi tsanani na bi shi, don hankalina bai kwanta da nasa jikin ba. A nan dariya ta ɗauke mini. Talatu na kwance, ta ƙi abinci kwana biyu, cikinta na ɗagawa da sauri, ido a lumshe. Kawu ya tura mata ƙanƙarar ta ƙofar ƙasa, ya tsaya a rana da tiyo yana yayyafa mata ruwa, yana mata magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Can ta ja jiki ta kwanta a kan ƙanƙarar. Da la'asar muka ji ƙaras, ƙaras, ta fara fasa ƙashi. Manaja na tsaye a bayanmu, ya ga komai. Ya ce wa Kawu, "In ka samo inda za su karɓe ta, zan sa hannu."

Samo wurin shi ne aiki. Ni ce magatakarda. Duk Lahadi bayan tuwo zan zauna da kwamfuta cikin bargo, Kawu na faɗa da Hausa ina juyawa, muna aika wa gidajen namun daji na ƙasashen ƙanƙara. Kuma kun san yadda yake buɗe wasiƙa.

"Rubuta. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki, da iyayenki in suna raye. Yaya sanyi? Yaya fama da dabbobi? Yaya gajiyar aiki?"

"Kawu, Turawa ba sa haka. Layi biyu suke so."

"Za ki roƙi mutum ya karɓi baƙuwarki ba ki tambayi lafiyar gidansa ba?"

In ce to, in faki idonsa in goge gaisuwar in aika. Wasu su amsa da cewa ba wuri, wasu ko amsa babu. Muka ci wata da watanni a haka. Ran nan na sunkuya ɗaukar shayi, sai ya sa tabarau ya leƙa allon.

"Bilki, ina gaisuwata?"

Na fara kame-kame. Bai yi faɗa ba, ya dai ja kujera ya zauna kusa da ni, ya sa na rubuta ta kalma bayan kalma, har da "a gaida duk wanda ya san mu", ya kuma tsaya sai da ya ga na danna aikawa. Ina dannawa ina jin kunya a raina.

Kwana huɗu amsa ta zo daga wata mata mai kula da wani babban gandu a arewacin Finland. Ta ce tun da ta fara aiki ba wanda ya taɓa buɗe wasiƙar aiki da tambayar iyayenta. Mahaifiyarta na raye, tana fama da ƙafa, ta kuma gode. Sanyi akwai shi sosai. Wuri ma akwai, da bishiyoyi da tudu, in an gama takardu a kawo Talatu.

Na gama karanta wa Kawu amsar. Ya cire tabarau ya dube ni kawai. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Takardu suka ci kusan shekara. Kafin nan ya koya mata shiga akwatin tafiya, kullum yana matsar da nama ciki kaɗan kaɗan, don ya ce ba za a yi wa baƙuwarsa allurar barci a ɗauke ta kamar kaya ba. Har kansa ya cusa cikin akwatin wai ya ji ko iska na shiga, kafaɗa ta maƙale, sai da ma'aikata biyu suka jawo shi ta ƙafa. Ranar tafiya, cikin kaka, ta shiga da ƙafarta. Ya tsuguna yana mata sallama, ita kuwa ta juya masa baya tana gwaguyar ƙashi.

"Kin gani?" ya ce mini, ido jajur. "Ko waiwaye babu! Haka nake so."

Muka dawo gida Anti Rabi ta riga ta sauke tukunyar fulawa daga kan hita. Ya ce a mayar.

"Cewa na yi sai na ga ta taka ƙanƙara. Can ma ba ta zuba ba tukuna."

A wannan hunturun ne tari ya kama shi. Na yi masa magana a matsayin 'ya, na yi a matsayin ma'aikaciyar jinya, na yi kuka, Liman ya zo, Yohanna ya zo ya yi masa tatas. Da aka kwantar da shi asibiti ba yadda ya iya da ɗuminsu, amma ana sallamarsa ya dawo kan bakansa. Zan faɗi gaskiya, na ji haushinsa ƙwarai, har na yi mako guda ban taka gidan ba. Wannan makon har yau yana cina.

Wata Asabar da hantsi saƙo ya shigo wayata daga matar nan, da bidiyo. Ban ko sake kaya ba na kama hanyar Tottenham. Na same shi kwance a doguwar kujera, ya rame, hular nan a kansa. Na riƙe masa wayar.

Fari fat ko'ina. Sai ga wata baƙar aba ta fito a guje, ta nutsa kai cikin dusar ƙanƙara, ta ɓace, ta ɓullo can gaba da fari a hanci, ta yi birgima, ta sake rugawa. Ƙafafun nan da ya yi shekaru yana ba mu labari suna tafiya a samanta ba sa nutsewa. Ya kalla sau uku. Yana dariya, tari na katse shi, hawaye na bin gemunsa.

"Ja'ira," ya ce. "Ashe haka take da gudu."

Sannan ya ɗaga hannu ya nuna bango. "Bilki, kunna."

Na sauke fulawar na murɗa. Shiru. Shekara bakwai tana hutu, ta ƙi tashi! Anti Rabi na kuka tana dariya tana cewa, "Ka gani ko? Ita ma ta koyi halinka." Sai da Yohanna ya zo da kayan aikinsa ya yi ta fama har azahar, sannan muka ji ruwa na ƙugi a bututu, ƙanshin ƙura ya cika falon. Kawu ya miƙa tafin ƙafarsa wajen ɗumin ya lumshe ido.

"Kai," ya ce. "Ashe abin nan da daɗi. To Rabi, saura mu. A yi mana booking ɗin jirgin gida bayan azumi."

Kwana goma sha ɗaya ya yi cikin ɗumi. A nan London muka binne shi, darbejiyarsa na can bai zauna a inuwarta ba. Bargunan Anti Rabi ta raba wa waɗanda suka zo gaisuwa, kowa ya ɗauki wanda ya saba yafawa. Nawa na nan, kore mai ƙuna a gefe. Na rubuta wa matar nan ta Finland na sanar da ita, kuma a wannan karon sai da na tambayi ƙafar mahaifiyarta tukuna.

Ya Allah, bawanka Jibrin ya kai baƙuwarsa gida, shi bai kai ba. Ka gafarta masa, ka karɓi baƙuncinsa, ka sauke shi a gidan da babu zafi babu sanyi. Amin.